Kujera Mai Sifirin

Talata ce, rana ta buɗe tun da wuri, babu iska. Ina zaune a barandar gidana a kan kujerar katako, Malamar asibiti na tsaye a kaina da waya a hannu.

"Baba, ka rungume hannuwanka a ƙirji. In na ce tashi, ka miƙe tsaye, ka koma ka zauna, ka sake. Rabin minti zan ba ka."

"Aikin ke nan?"

"Shi ke nan."

Na yi dariya ta hanci. Shekara arba'in da ɗaya ina bakanike. Na taɓa sauke giyabos ɗin babbar mota ni kaɗai, ko jak babu. Kowa a layinmu ya san labarin, don ni na ba su, wasu ma sun ji ya fi sau goma.

Ta ce, "Tashi."

Na tashi a zuciyata. Ƙafafun suka yi kamar ba da su ake ba. Na yunƙura, na yi nishi, mazaunaina suka rabu da katako kamar faɗin yatsa biyu, na koma daɓas. Na sake yunƙurawa, wannan karon ko yatsa ɗaya ban samu ba.

"Lokaci ya cika," in ji Malama. Ta rubuta wani abu a takarda. Karatuna aji uku ne, amma na san sifili in na gan shi.

"Kujerar ce," na ce. "Ta yi ƙasa."

Tsohuwa, matata, tana bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai ka ƙera ta."

Wata biyu kafin nan santsi ya kwashe ni a banɗaki, ƙugu ya tsage, na yi kwana ashirin a gadon asibiti. Da aka sallame ni aka haɗa ni da Malamar nan, tana zuwa gida duk Talata ta auna jini, ta duba magani, ta koya min motsa jiki. Wannan Talatar har da Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda ta fi duk yayyenta baki. Tana zaune a gefe da jaka a cinya, komai a kan idonta aka yi.

"Baba, ka dai gani," in ji Auta. "In ka sake faɗuwa Inna ba za ta iya ɗaga ka ba. Na gyara muku ɗaki a wurina."

Na san ɗakin. Hawa na huɗu ne, taga ɗaya, ita ma bangon wani take kallo. Babu gareji, babu benci a ƙofar gida, babu wanda zan yi wa faɗa sai talabijin.

"Sai dai ki kai gawata."

"Ka daina irin wannan maganar, Baba."

Malama ta shiga tsakani. "Mu ba shi sati huɗu. In ya iya tashi sau biyar a rabin minti bai dafa komai ba, zan iya cewa zaman gidansa bai fi ƙarfinsa ba. In bai iya ba, Baba, sai ka bi 'yarka."

"Biyar? Ashirin zan yi."

"Biyar ɗin dai ta isa."

"Na ce ashirin. A kira mutanen layi su shaida."

Ta bar min kayan aiki. Wata jar roba mai tsawon kamu biyu, ƙananan gorunan ruwa guda biyu, da takarda mai hoton wani tsoho yana ɗaga ƙafa yana murmushi. Ban taɓa ganin mutum yana shan wahala yana murmushi ba sai a takardar asibiti. Suna fita na ɗaure famfon tsakar gida da robar, dama ya daɗe yana ɗiga. Ruwan gorunan na shanye. Takardar kuwa na juya bayanta, na nemo fensir.

Mu a sana'armu ba a yi wa mota wa'azi. In ta ƙi tashi, akwai abin da ya lalace, sai a nemo shi a canza. Ƙafa ba a sayar da ita a kasuwar kayan gyara, amma kujera tana gyaruwa. Daga nan na san inda zan dosa.

Washegari na dogara sanda na fita ƙofar gida. Tela, maƙwabcina na tsallaken layi, bara ɓarin jikinsa ya shanye, kuma Malamar nan ce take zuwa masa. Na same shi riƙe da ƙarfen taga yana ɗaga dunduniya yana saukewa, yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya.

"Bakwai. Takwas. Bakanike, an ce ka ci sifili."

"In ji wa?"

"Ni fa tela ne. Ko allura ta faɗi a layin nan sai na ji."

"Ci gaba da rawarka. Talata ta huɗu ka zo ka ga yadda maza ke tashi."

"Zan zo da wuri in samu gaba. Tara."

Garejina ɗaki ne a bayan gida, tun da na bar aiki nake tara ƙarafa a ciki. Na aika aka kira min Mai Walda, wanda ya koyi aiki a hannuna. Yanzu shi ma furfura ta kama shi, amma har gobe Maigida yake kirana. Na kuma kira Mai Shagon kusurwa, mutum mai jiki, wanda ba ya ƙin duk aikin da za a yi a zaune. Na shimfiɗa musu zanena, na rantsar da su ba za su faɗa wa kowa ba.

Mun fara da jak. Muka cire gindin wata tsohuwar kujerar ƙarfe, muka girka jak a ƙasa, Mai Shago ya zauna, Mai Walda ya durƙusa yana bugawa. Minti ɗaya da rabi ana ƙii-ƙii-ƙii kafin Mai Shago ya ɗagu taƙi ɗaya.

"Maigida," in ji Mai Walda yana share gumi, "ran gwajin a ina ni zan ɓuya?"

"Ƙarƙashin kujerar."

"Da wannan bayan nawa? Sai dai Malamar ta dinga zuwa gidana ni ma."

Muka bar jak. Na koma kan igiya. Muka rataye wilin keke a ƙarfen rufin gareji, igiya ta bi ta kansa, baki ɗaya a ɗaure da bokitin yashi, ɗayan a bel ɗin wandona ta baya. Da an saki bokiti zai ja ni sama. Wannan karon ni na zauna da kaina, don in nuna musu.

"Saki," na ce.

Mai Walda ya saki. Bokiti ya yi ƙasa, wandona ya yi sama har hammata, ni kuwa ina nan inda nake. Bel ɗin ya tokare min haɓa, na kasa ko cewa a sauke ni. Daidai nan Tsohuwa ta shigo da shayi. Ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ajiye faranti a kan teburin aiki.

"Malam, wandon dai ya ci jarrabawa. Saura mai shi."

Mai Shago ya yi dariya har ya ƙware. Daga ran nan na yanke ba zan ƙara gwaji da jikina ba. Babban bakanike aunawa yake yi, na ƙasa da shi su gwada.

A sati na biyu dabarar gaskiya ta zo min. A bayan tarin tayoyi akwai sifirin ɗin gaban wata tsohuwar mota, lafiya lau, tsatsa kawai ya yi. In aka sa shi a ƙarƙashin mazaunin kujera, aka saita ƙarfinsa ya gaza nauyin mutum da kaɗan, to in ka zauna zai sauke ka a hankali, in ka ɗan yunƙura kuma zai tura ka sama kamar ana ɗaga jariri. Sai a yi masa sakata ta riƙe shi a ƙasa kafin a fara. Tun da hannuwana za su kasance a ƙirji, na haɗa sakatar da tsohuwar fedar birki, daidai bayan dunduniyar dama.

"Nauyinka nawa, Maigida?" in ji Mai Walda, yana riƙe da alli.

"Kilo tamanin da biyar."

Ya dube ni. Ya dubi wuyana. "Yaushe rabonka da sikeli?"

"Shekarar da aka haifi Auta, a wurin aiki. Nauyin namiji ba ya canzawa. Rubuta."

Ya rubuta.

Aikin ya ci kwanaki. Mai Walda ba ya samun zuwa sai yamma, don haka da safe ni kaɗai nake fama. Sifanu suna rataye a bango, notuna suna cikin gwangwani a ƙasa, ni ina kan ɗan bencin aiki a tsakani. Ka miƙe ka ɗauko lamba sha uku, ka zauna, ka ga ashe sha huɗu ce, ka sake miƙewa. Da fari sai na rungumi teburin da hannu biyu. Kullum cinyoyina ciwo suke kamar an yi min duka, na ɗora laifin a kan sabon maganin da aka ba ni.

Duk Talata Malama ta zo, ni kuma in ce ƙugun ya motsa, yau ba zan iya komai ba.

"Baba, amma kana yin abin da ke takardar?"

"Safe da yamma ina kan takardar nan."

"Robar fa?"

"Tana aiki dare da rana."

Tsohuwa ta yi tari. Malama ta kama hannuna za ta auna jini, ta daɗe tana kallon baƙin mai a farcena.

Ran da muka gama, muka fara gwadawa da buhun yashi mai kilo hamsin. Mutum biyu suka danne kujerar aka sa sakata, aka ɗora buhu, na sa sanda na taka feda. Buhun ya fita ta ƙofar gareji kamar an kira shi. Ya ratsa tsakar gida, ya fashe a kan wankin da Tsohuwa ta shanya.

Ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Na ɗauka za a yi tashin hankali, sai na ga ta tsaya tana kallon yashi.

"Buhun nan kilo nawa ne?"

"Hamsin. Shi ya sa ya tashi. Ya gaza ni da talatin da biyar. Lissafina daidai yake."

"To."

Ta je bakin kujerar, ta juya, ta taka zuwa inda buhun ya faɗi tana motsa baki.

"Me kike aunawa?"

"Wurin shanya," in ji ta. Ta kwashe kayanta ta sake wankewa.

Sai aka ɗora Mai Shago. Shi nauyinsa tamanin da shida, a sikelin shagonsa ya auna. Ya rungume hannu, ya taka feda, ya miƙe kamar saurayi. Ya koma a hankali kamar ana sauke ƙwai. Ya sake, ya sake. A rabin minti ya yi ashirin da biyu, ko haki bai yi ba.

"Bakanike, rabona da in tashi haka tun kafin in yi aure," in ji shi. "In ka gama da ita ka ara min in kai shago."

"Kai ma ka hau ko sau ɗaya, Maigida," in ji Mai Walda.

"Abin da ya ɗaga tamanin da shida zai ɗaga tamanin da biyar. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa gyara mota sau biyu ba."

Wannan ƙarya ce, kuma ya sani, don shi yake karɓar motocin in an dawo da su.

Saura a ɓoye kayan ciki. Dole kujerar ta samu riga har ƙasa, kuma tela ɗaya ne a layinmu. Ya zo da tef a wuya yana jan ƙafa, ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙasa.

"Wannan kujera ce ko tarkon ɓarawo?"

"Ɗinki na kira ka, ba tambaya ba."

"An ce kilo tamanin da biyar ka saita."

Na harari Mai Shago, ya kama kallon rufi.

"Bakanike, tun da ka dawo daga asibiti sau biyu matarka tana kawo min wandunanka ina ragewa. Abin da na yanke ya isa a ɗinka wa jikanka riga da wando."

"Yadin ne ya saki."

"To Allah ya sa sifirin ya san da haka."

Ana gobe gwaji Tsohuwa ta ajiye min abinci ta zauna a gefe.

"Malam, ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko yanzu ka zauna a kujerar kirki ka gwada tashi in gani."

"Ba ki san inji ba."

"Na san mai injin. Shekara hamsin ina ba shi mai."

Talata ta huɗu ta zo da rana tarwai. Tun da hantsi Mai Walda da Mai Shago suka kinkimo kujerar zuwa tsakar gida, sanye da rigarta mai furanni, don yadin da Tela ya ce yana da shi ke nan. Mai Shago ya zauna ya danne ta, aka sa sakata, ya tashi da kyar da ƙafafunsa na gaskiya. Suna gamawa sai ga Tsohuwa tana jan katifarmu. Ta tsaya a gaban kujerar, ta taka huɗu, ta shimfiɗa.

"Yau kika ga damar shanya katifa? Baƙi za su zo."

"Rana ce mai kyau."

Mutane suka cika gidan, don ni na gayyace su ɗaya bayan ɗaya. Mai Aski ya rufe shago ya zo, Mai Faci ma haka, mata suka tsaya a bakin ƙofa. Tela ya kawo kujerarsa ya dasa a gaba. Auta ta iso tare da Malama, ta shigo da manyan akwatuna biyu babu komai a ciki, ta jingine su a baranda inda zan gan su da kyau.

"Baba, sabuwar kujera?" in ji Malama.

"Riga kawai aka yi mata."

Na zauna a hankali, na gyara hula, na lalubi feda da dunduniya. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma ganin jama'a sai na ce, "Wasu suna shekara guda suna riƙe da taga suna ƙirga. Ku buɗe ido ku ga aikin mai ƙarfe a jiki. Malama, in na wuce ashirin ki tsayar da ni."

"Rungume hannu, Baba. Tashi."

Na taka feda.

Abin da na fara gani shi ne saman katangarmu. Bayan shi rufin gidan Tela, da wata ƙwallo da ta maƙale a kai. Shekara talatin ina gidan nan ban san akwai tankin ruwa a bayan gidansa ba sai ran nan. Hannuwana suna nan a ƙirji, don ba a ce in saki ba. Takalmi ɗaya ya bi ni, ɗaya ya zauna. Sai na ga katifa tana tahowa, na faɗa tsakiyarta rub da ciki, ƙura ta tashi.

Gidan ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai kujerar a bayana tana karkarwa, gwaram-gwaram, rigarta ta tattare sama, sifirin a waje kowa na gani.

Tela ya gyara murya.

"Ɗaya," in ji shi.

Dariyar da aka yi, na ji an ce har a bakin titi an ji. Mai Aski ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Malama ba ta yi ba. Ta durƙusa ta taɓa ƙuguna, ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙar, ta sa na juya wuya.

"Ina ke ciwo?"

"Ba ko'ina."

"Ka gode wa mai katifa."

Auta ma ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a kaina, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, da babu katifar nan fa? Siminti ne a ƙasa. Don kar ka zo gidana za ka kashe kanka?"

Na kama neman takalmina da ido.

Aka ɗaga ni. Malama ta ciro ɗan sikeli daga jakarta ta ajiye, ta ce in hau. Na hau. Ta karanta a hankali, amma Mai Faci ya leƙa ya faɗa wa duniya.

"Hamsin da takwas."

"Sikelin ya lalace," na ce. "Ku ba ni in duba shi."

"Kada wanda ya ba shi," in ji Tsohuwa.

"Sauran ashirin da bakwai ɗin suna wurina," in ji Tela. "A buhun ƙyallaye."

Auta ta share ido ta juya. "Inna, mu fara da kayan sawarsa."

Malama tana tsugune gaban kujerar, tana bin waldar da yatsa. Ta taɓa sakata, ta taɓa feda. A ƙarƙashin mazaunin ta ga takardarta manne da zanena a bayanta. Ta juya ta, tsohon nan yana nan yana murmushi da ɗigon mai a goshi.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni."

"A zaune?"

Mai Walda ya sosa kai. "Ina fa a zaune, Malama. Maigida ba ya yarda a miƙa masa sifana, wai ba mu san lamba ba. Yini yake yana tashi yana zama a bencin aiki. Satin da ya wuce ma da hannu ɗaya yake dafawa, ɗayan yana nuna ni yana faɗa."

Malama ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. "A kawo tsohuwar kujerar katako."

"Malama, ya isa haka," in ji Auta. "An gama wasa."

"Rabin minti kawai."

Aka kawo. Na zauna. Wannan karon ban yi jawabi ba. Na rungume hannu, na dubi akwatunan nan biyu.

"Tashi."

Na yunƙura. Gwiwoyina suka yi ƙara kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, amma sai ga ni tsaye. Ni kaina na yi mamaki, har na waiwaya in ga ko wani ne ya tura ni.

"Ɗaya," in ji Tela. Yanzu ba dariya a muryarsa.

Na zauna, na sake. Biyu. Gumi ya keto min. Na uku na ɗauko shi tun daga yatsun ƙafa, ina nishi kamar mota a kan tudu da lodi. A na huɗu na maƙale a tsakiya, ban tashi ba ban zauna ba, cinyoyi na rawa, mutane na cewa saura kaɗan. Malama ta ce lokaci ya cika. Na koma daɓas.

"Uku," in ji Auta. "Biyar aka ce."

"Uku da rabi," na ce.

"Ba a ƙirga rabi, Baba."

Malama ta rubuta a takardarta. "Daga sifili zuwa uku, kuma bai yi abin da na sa shi ko sau ɗaya ba. Ki ƙara mana sati uku. In ya bi takardar nan ta fuskar da ke da hoto, ina sa ran biyar. In bai bi ba, ni da kaina zan taya ki haɗa kaya."

Auta ta dubi uwarta. Tsohuwa tana naɗe katifa, ta ce, "Ni ma ba son hawa na huɗun nake ba. Bar min shi, zan ƙirga masa."

"Sati uku," in ji Auta. "Akwatunan a nan zan bar su. Sifirin kuma a kwance shi yanzu a sa min a mota."

Mai Shago ya so ya yi magana, ta kalle shi, ya fasa. Mai Walda ya kwance sifirin da sifanata a gaban idona, aka kai but ɗin motar Auta. Haka ya riga ni zuwa hawa na huɗu.

Tela ne ƙarshen fita. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ƙarfe bakwai nake farawa. Tagar tawa tana da ƙarfe biyu."

"Ina da taga a gidana."

Washegari, Laraba, na tashi kafin bakwai. Na je famfo na kwance jar robar, ta ɗan saki amma tana nan. Na cika gorunan nan biyu. Na sa Tsohuwa ta rufe ƙofar gida da sakata, na jawo kujerar katako kusa da bango, na kafa takardar a kan akwatin Auta, hoton yana kallona. Daga tsallaken layi na ji Tela ya fara, ɗaya, biyu. Na rungume hannu.

"Malam, famfon ya dawo da ɗiga," in ji Tsohuwa.

"Bar shi. Sai bayan sati uku."